Inshorar Babur: Me Ke Sa Kuɗinta Ya Hau Ko Ya Sauka?

Babur ya zama jakin zamani a karkara. Shi ke kai taki gona. Shi ke kai buhun masara kasuwa. Idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare, shi ke kai mace asibiti. Gidaje da yawa kuma da acaɓa suke cin abinci, musamman da rani.

Kowane mai babur yana da 'yan takardu da ya naɗe cikin leda. A cikinsu akwai wadda ake kira takardar inshora. Mutane da yawa sun biya kuɗinta, amma ba su san amfaninta ba. Sun ɗauka haraji ce, ko kuwa takardar nuna wa ɗan sanda a kan hanya. Wani abin ɗaure kai shi ne, mutum biyu za su sayi babur iri ɗaya a rana ɗaya. Ɗaya ya biya naira 3,000 kuɗin inshora, ɗayan kuma ya biya naira 50,000 ko fiye. Shin an cuci na biyun ne? Ba lalle ba ne. Akwai dalilai, kuma ya kamata mai babur ya san su kafin ya sa hannu a aljihu.

Mece ce inshora?

Inshora asusu ne na tsaron tsautsayi. A ce masu babur 1,000 kowa ya zuba naira 3,000. An tara naira 3,000,000 ke nan. A cikin shekara ba dukansu ne za su yi haɗari ba. 'Yan kaɗan ne. Daga cikin wannan asusu ake biyan ɓarnar da 'yan kaɗan ɗin suka yi. Kamfanin inshora shi ke riƙe da asusun.

Inshora ba adashi ba ce. A adashi kowa yana jiran ranar ɗaukarsa. A inshora kuwa sai wanda tsautsayi ya faɗa wa. Wanda ya gama shekara lafiya bai yi asara ba, domin kwanciyar hankali ya saya.

Daga nan za a gane tushen maganar. Kamfani yana duba abu biyu kafin ya yanke kuɗi. Na farko, yaya yiwuwar haɗari take ga wannan babur da mai shi? Na biyu, idan haɗarin ya faru, nawa za a biya? Duk abin da ya ƙara ɗayan biyun nan, yana ƙara kuɗin inshora.

Abin da doka ta ce

Tilasta inshora a kan abin hawa ba sabon abu ba ne. Tun zamanin Turawa, a 1945, aka yi dokar a Nijeriya. A 1997 aka kafa Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wadda ake kira NAICOM. Ita ke ba kamfanoni lasisi, ita ke sa musu ido. Daga ranar 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sanda ta tsananta binciken takardar inshora a kan hanyoyi. A 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora, wadda ta haɗe tsoffin dokoki wuri guda. Tilascin yana nan daram. Hawa babur a kan titi ba inshora laifi ne.

Irin inshorar da mutum ya zaɓa

Wannan shi ne babban abin da ke raba kuɗin. Sauran duk a bayansa suke.

Iri na farko shi ne inshorar mutum na uku. Ita ce doka ta wajabta. Me ya sa ake kiranta haka? Mutum na farko shi ne mai babur. Na biyu shi ne kamfani. Na uku shi ne bawan Allah da ba ruwansa da cinikin, amma babur ya yi masa ɓarna. Yana iya zama mai tafiya a ƙasa da aka buge. Yana iya zama mai mota da aka fasa wa fitila, ko mai teburin da aka watsa wa kaya, ko makiyayin da aka karya wa saniya.

Kuɗin wannan inshora ba a ciniki a kansa. NAICOM ce ke yanke shi. A sanarwar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2023, ta sa wa babur naira 3,000 a shekara. Keke mai ƙafa uku, wato A Daidaita Sahu, naira 5,000. Ƙaramar motar gida naira 15,000. Babbar motar ɗaukar kaya naira 100,000. Mai karatu zai lura cewa gwargwadon ɓarnar da abin hawa zai iya yi, gwargwadon kuɗinsa. Tirela idan ta ƙwace, ba ɗaya take da babur ba.

A wannan sanarwa, idan babur ya lalata dukiyar wani, kamfani zai biya har zuwa naira 1,000,000. Raunin mutum ko rasa rai kuwa daban ake lissafa shi.

A raba naira 3,000 gida 12. Kowane wata naira 250 ke nan. A rana bai kai naira 10 ba. Kuɗin shekarar gaba ɗaya ba zai cika tankin Bajaj Boxer da fetur sau ɗaya ba. A gaskiya babu wata takarda a cikin ledar nan da ta kai ta araha idan aka dubi aikinta. Wanda ya goge ƙofar motar wani a bakin kasuwa ba shi da inshora, ya san abin da ake nufi. Sai a kai babur caji ofis. Sai a tara dangi. Wani lokaci sai an sayar da tumaki, ko an jinginar da gona, kafin a raba gardama.

Amma a kula da kyau. Inshorar mutum na uku ba ta gyara babur ɗin mai ita. Idan aka sace shi, ba ta biya. Idan ya ƙone, ba ta biya. Idan mai babur ɗin ya karye, ba ta biya masa kuɗin ɗori. Wanda aka yi wa ɓarna kaɗai take dubawa. Shi ya sa take da araha.

Iri na biyu shi ne cikakkiyar inshora. Tana biyan mutum na uku, sannan tana biyan babur ɗin kansa idan ya yi haɗari, ko ya ƙone, ko aka sace shi. Wasu kamfanoni suna da wata tsaka-tsaki, wadda ta haɗa mutum na uku da gobara da sata, ban da gyaran haɗari. Kuɗinta ma tsaka-tsaki ne.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane a ofishin lasin. Mutum zai miƙa kuɗi a dunƙule, a ce masa na takardu ne. A ciki akwai kuɗin lamba, da na rajista, da na wasu takardun jiha, da ladan wanda ya yi zirga-zirga. Sai ya koma gida yana cewa inshora ta yi tsada, alhali kasonta kaɗan ne. Daidai ne mutum ya ce, "Malam, don Allah a rubuta mini kowanne da kuɗinsa." Wanda ya koyi karatu ya sami damar duba rasit da idonsa.

Darajar babur

A cikakkiyar inshora, kuɗin babur shi ne ma'auni. Sanarwar 2023 ta ce kada kamfani ya karɓi ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawa, ko bayan an yi rangwame. Wato a kowace naira 100, naira 5.

Ga lissafi. Babur na naira 600,000, kashi 5 cikin 100 ya kama naira 30,000. Na naira 1,000,000 ya kama naira 50,000. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Kamfani yana iya ɗorawa sama idan ya ga haɗarin ya yi yawa.

Tun 2023 da darajar naira ta faɗi, babura da kayan gyaransu sun yi tsada, domin mafi yawansu daga Indiya da Sin ake kawo su. Saboda haka kuɗin cikakkiyar inshora ma ya hau, ko da kason bai canja ba. Babur ɗin da aka yi wa inshora da tsohon farashi, kuɗin ba zai sayi madadinsa ba a yanzu. Ya kamata mai shi ya gyara adadin duk lokacin sabuntawa.

Wasu sukan yi dabara. Babur na naira 1,000,000, sai mutum ya ce na 500,000 ne, don ya biya 25,000 maimakon 50,000. Ranar da aka sace shi, kamfani ba zai wuce 500,000 ɗin da aka rubuta ba. Ya tsira da 25,000, ya rasa 500,000. Wani kuma sai ya ƙara kuɗi, ya ce tsohon babur ɗinsa sabo ne. Shi ma bai ci riba ba. Kamfani darajar babur a ranar da abin ya faru yake dubawa, ba abin da aka yi fata ba. Ya biya kuɗi mai yawa a banza.

Girman inji ma yana da tasiri. Babban babur mai gudu kamar iska ya fi roba-roba kuɗin inshora. Haka wanda kayan gyaransa ke da wuyar samu.

Aikin da ake yi da babur

A nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami.

A ɗauki mutum biyu a gari ɗaya. Malamin firamare yana hawa babur da safe zuwa makaranta, ya jingine shi a gindin bishiya, da azahar ya koma gida. Ɗan acaɓa kuwa tun asuba yana kan hanya har bayan isha'i. Yana shiga kasuwa, yana ratsa tasha, yana bin dare. Yana ɗauke da fasinja da kaya. Ko da ya fi malamin iya tuƙi, ya fi shi kusa da haɗari, domin ya fi shi daɗewa a kan titi. Kuma idan ya faɗi, ba shi kaɗai zai faɗi ba. Saboda haka cikakkiyar inshorar babur ɗin haya ta fi ta na gida tsada. Wasu kamfanoni ma ba sa son karɓarta sam.

Wakilin kamfani zai tambaya, "Malam, me kake yi da babur ɗin nan?" Shaiɗan zai raya wa mutum ya ce na zuwa gona ne, alhali acaɓa yake yi. Kuɗi zai sauka, gaskiya ne. Amma a jikin takardar akwai wurin da aka rubuta irin aikin da aka yarda a yi da abin hawan. Ranar da haɗari ya faru da fasinja a baya, rahoton 'yan sanda zai nuna gaskiya. Kamfani yana da ikon ƙin biya, domin an ɓoye masa gaskiya tun farko. Kuɗin da aka biya ya tafi, diyya kuma ta dawo wuyan mai babur. Araha ba ta ado.

Haka nan wanda yake acaɓa da rani kawai, da damina ya koma gona. Shi ma ya faɗa. Haka mai ba ɗansa ko yaronsa babur ya yi haya, ana kawo masa balas da yamma. Duk wanda zai riƙa hawa, a sanar da kamfani.

A tuna kuma akwai wuraren da gwamnati ta hana acaɓa. An hana a tsakiyar Abuja a 2006. An hana a cikin birnin Kano a 2013. Matashin da zai tafi cin rani da babur ya fara tambayar dokar garin da zai je.

Inda babur ke kwana

Babur yana da sauƙin sata. Mutum biyu za su ɗaga shi su jefa a mota. Cikin kwana ɗaya an wargaza shi, an sayar da kayan ɗaya-ɗaya. Don haka kamfani yana tambayar garin da mutum yake, da inda babur ke kwana. Wanda ke kwana cikin gida a kulle ba ɗaya yake da wanda ake bari a ƙofar zaure ba. Yankin da ƙwacen babura ya yi yawa, kuɗinsa ya fi. Wasu kamfanoni suna son a sa wa babur na'urar da ke nuna inda yake kafin su karɓa.

Wani abin lura ga mutanen yankunan da ba su da kwanciyar hankali: takardun inshora da yawa sun cire ɓarnar yaƙi da tarzoma da ta'addanci, sai dai in an ƙara kuɗi an sa su. A tambaya tun kafin a biya, kada a bari sai abin ya faru.

Shi kansa mahayin

Doka ta ce mai tuƙa babur ya kai shekara 18, kuma ya mallaki lasin na babur, wanda ake kira aji A. A ƙauyuka an saba ganin yaro ɗan shekara 12 a kan babur, ƙafarsa ko ƙasa ba ta kaiwa, an aike shi niƙa. Idan ya buge wani, kamfani zai ce ba ruwansa, domin marar lasin ne ya tuƙa. Uban da ya ba da makulli shi zai ɗauki nauyi.

Sabon shiga ya fi tsohon hannu haɗari a idon kamfani. Wanda ya yi haɗari sau biyu a shekara, kuɗinsa zai hau a baɗi. Wanda ya gama shekara bai nemi a biya shi komai ba, yana iya neman rangwame a cikakkiyar inshora, muddin bai sauka ƙasa da kashi 5 ɗin nan ba. Ba kowane wakili ne zai tuna masa ba. Shi zai buɗe baki.

Hular kwano ba ta rage kuɗin inshora kai tsaye, amma tun 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa ta. Kai ba shi da kayan gyara.

Kason mai babur

A cikakkiyar inshora akwai wani sharaɗi da ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe. Shi ne kason da mai babur zai biya da kansa a kowane haɗari. A ce kason naira 20,000 ne. Bakanike ya yi lissafin gyara naira 80,000. Kamfani zai biya 60,000, mai babur ya cika 20,000. Idan gyaran bai wuce 15,000 ba, kamfani ba zai biya komai ba. Wanda ya yarda da kaso mai yawa, kuɗin shekararsa yakan ragu. Sai dai ya tabbata yana da abin cikawa idan ranar ta zo.

Ƙari kuma yana da kuɗinsa. Mai son a biya masa magani idan shi kansa ya ji rauni, sai ya sayi inshorar haɗarin jiki. Ga ɗan acaɓa mai iyali wannan ba almubazzaranci ba ne. Wata uku a kwance da karaya, ba shiga sai fita, ya isa ya ƙarar da rumbu.

Masu karɓar babur bashi, ana biya mako-mako, su ma su duba takardarsu. Sau da yawa mai ba da bashin ya yi cikakkiyar inshora, ya zuba kuɗin cikin bashin. Ya kamata mai biya ya san nawa ne, da kuma wanda za a ba kuɗin idan babur ya ɓata. Ƙungiyar 'yan acaɓa da ta je da babura masu yawa a lokaci ɗaya ta fi mutum ɗaya bakin neman sauƙi.

Takaful

Wasu Musulmi suna gudun inshora saboda shakkar riba da caca. Akwai tsarin Musulunci da ake kira takaful. A 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa. A 2016 ta ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. A wannan tsari kuɗin da mutum ya zuba gudummawa ce ta taimakon juna. Kamfani wakili ne mai kula da asusu, ana biyansa ladan aikinsa. Ba a juya kuɗin a harkar riba, kuma akwai malamai masu sa ido. Idan shekara ta ƙare da rara, ana iya raba ta ga waɗanda ba su karɓi diyya ba. Abubuwan da ke sa kuɗi ya hau ko ya sauka dai su ne waɗanda aka ambata. Takardar takaful karɓaɓɓiya ce a wurin hukuma.

Takardar jabu

Mafi tsadar inshora ita ce ta jabu. Akwai 'yan damfara da ke raɓe a bakin ofisoshin lasin da tashoshi. Suna buga takarda mai kyau da hatimi, su sayar da rahusa. Babu kamfanin da ya san da ita. Tana iya wuce shingen bincike sau goma, amma ranar haɗari ba ta da bambanci da takardar ƙunshin ƙosai.

Akwai hanyar ganewa. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun ajiye sunayen duk ababan hawa masu inshorar gaske, ana kiransa NIID. Ko da ƙaramar waya ana iya dubawa. A danna *565*11# sannan a bi umarni, a sa lambar babur. Idan sunan kamfani da ranar ƙarewa suka fito, takardar ta gaske ce. Idan an kwana biyu ba ta fito ba, a koma wurin wanda ya sayar.

A duba jikin takardar kuma. Sunan mai babur daidai ne? Lambar babur da lambar inji sun dace da na jikinsa? Yaushe ta fara, yaushe za ta ƙare? Yawanci wata 12 take yi. Kwana ɗaya bayan ta ƙare, kamar babu ita ne. Kuma ƙa'ida ce, sai an biya kuɗi inshora take fara aiki. Babu "zan kawo ran kasuwa".

Idan haɗari ya faru, a fara da kai mai rauni asibiti. Sannan a sanar da 'yan sanda, a sanar da kamfani da wuri. Mai waya mai hoto ya ɗauki hoton wurin. Kada mai babur ya yi alkawarin biyan wani adadi a gaban jama'a kafin kamfani ya sani, domin kamfani ba dole ne ya amince da sulhun da aka yi a bayansa ba. Idan kamfani ya ƙi biya ba dalili, ana kai ƙara wurin NAICOM.

Saura masu sayen babur na hannu a kasuwa. Sau da yawa mai sayarwa zai miƙa leda da takardu, ya ce inshora ma da sauran wata shida. Wannan takarda da sunan tsohon mai shi take. Yarjejeniya ce tsakaninsa da kamfani, ba ta bin babur zuwa sabon gida da kanta. Sabon mai shi ya canja takardun mallaka zuwa sunansa, sannan ya yi tasa inshorar kafin ya hau titi. A lissafa wannan kuɗi tun lokacin da ake taya babur ɗin.